Mun Kai Ƙahon Illo Sakkwato

Tun da muka dawo daga Sakkwato ni da Kawu Shaibu ban huta da tambaya ba. Abokan aikina a gidan rediyo nan Ƙonni suna tare ni a bakin ƙofa. Mai shayin unguwarmu ya riƙe mini kofi sai na ba shi labari. Har masu bugo waya cikin shirin manoma, idan an kashe makirfo, sai su ce, "To Lawali, yaya jikin tsohon? Mi likitocin can sunka ce?" Na gaji da ba da shi guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Kawu Shaibu ƙanen mahaifiyata ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar motar siminti daga Malbaza, kuma can yake zaune. Bara yana alwala hannunsa na hagu ya saki buta, ya ƙi ɗaguwa. Aka kai shi Tawa. Likitoci suka ce jini ne ya daskare cikin wata jijiya ta kai, kuma Allah ya taƙaita, don hannun ya dawo, ko da yake ba da ƙarfinsa na da ba. Suka ba shi ƙwayoyi iri biyu, suka ce jininsa yana saurin daskarewa. Shi kuwa abin da ya ɗauka shi ne jininsa ya yi kauri.

Duk shekara, gab da faɗuwar damina, Kawu yakan je wajen Illo a yi masa ƙaho a baya. Illo wanzami ne, abokinsa tun suna kiwon awaki. Shi ya yi masa askin angonci, shi ya aske ƴaƴansa duka ranar suna. Bana Kawu ya tafi da murna, yana ganin idan ƙwaya tana tsinka jini daga ciki, ƙaho kuma ya janye mataccen daga waje, aiki ya haɗu. Bai gaya wa Illo zancen ƙwayoyin ba, don bai ga abin da ya haɗa su ba. Tsagar Illo ƙanana ce, kafin a gama gaisuwa ta bushe. Ran nan ta ƙi bushewa. Jini ya yi ta tsattsafowa ya jiƙa riga, ya jiƙa zanen da aka ɗaura, har aka ɗauke shi a kan babur zuwa likita. Gari ya ɗauka cewa hannun Illo ya tsufa, mutane suka fara kai ƴaƴansu wani wuri. Kawu kuwa ya tattara ƙwayoyin ya jefa cikin tsohuwar ƙwarya, ya ce shi da su har abada.

"Hannun Illo bai taɓa kuskure ba," in ji shi. "Maganin da ka hana jinin mutum tsayawa, wanga ba magani ba ne."

Na san abin da barin su yake nufi. Jijiyar da ta toshe sau ɗaya tana iya sake toshewa, kuma ba kullum hannu yake dawowa ba. Ya ƙi komawa Tawa, wai su suka ba shi. Da na ambaci Sakkwato sai ya sassauto. Ya daɗe yana son ziyarar Hubbare, kuma yana da tsohon abokin tuƙi a can, Alhaji Bello. Ya ce zai je, amma in sani ziyara ce ta kai shi, asibiti rakiya ce kawai.

Mun tashi daga Malbaza da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Motocin siminti sun yi layi a bakin masana'anta, Kawu yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba garke. A Tsarnawa wata dattijuwa ta shigo da buhun wake, ta ce daga Illela take, ta yi sauri ta ƙara da cewa tamu ta Nijar, ba ta ƙetare ba. Ba mu yi nisa ba ta gane mara lafiya ne a gefenta. Ta ce tafarnuwa. Direba ya ce a'a, zuma da habbatus sauda. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a baya ya ce tafiyar ƙasa da rage gishiri. Kawu ya saurari kowa da ladabi, sannan ya raɗa mini, "Da mun sani da ba mu tahi ko'ina ba, ga asibiti nan cikin mota."

A iyaka aka sauke mu. Jandarmominmu suka dubi takardu suka miƙo, ba dogon zance. A ɗaya gefen wani jami'i mai faɗin kafaɗa ya buɗe jakar Kawu, ya zaro wani abu naɗe cikin tsumma. Ƙaho ne, ya yi baƙi ya yi santsi saboda shekaru. Ni kaina ban san da shi ba.

"Baba, wannan fa?"

"Na abokina ne. Zan kai ma likita ya gani da idonai, ya hwaɗa mini ko shi ad da laihi."

Jami'in ya juya ƙahon a hannu, ya leƙa cikinsa. Sai ya waiga ya ga babu mai kallo, ya ɗan janye wuyan rigarsa. Ga ƴan layukan tsaga a jere a ƙeyarsa, sun yi fari.

"Ni ma duk shekara," in ji shi. "Allah ya ba da lafiya, Baba. Ku wuce."

Daga Illelar Najeriya muka shiga wata ƙaramar mota, mutum biyu a gaba gefen direba, abin da Kawu ya kira cin mutuncin giyar mota. Gero ya fito ya kai tafin hannu a gonaki, hanya tana ƙyalli, iska mai ɗumi tana shigowa ta taga. Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga kamar motar ba ta taɓa ƙasa, kamar kwalta ce take tafiya mu muna tsaye. Kusa da Gwadabawa na ji Kawu yana magana. Aikina sauraren murya ne. Na san lokacin da mai magana ya gaji, na san lokacin da haƙori ya fita. Abin da na ji ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Kalmomin suna fitowa a manne, kamar harshe ya yi masa nauyi, gefen bakinsa kuma ya ɗan sauka.

"Kawu, faɗi sunana."

Ya dube ni. Ya buɗe baki, sunan bai zo ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Direba ya ƙara wuta ba tare da an ce masa ba. Can sai Kawu ya haɗiye yawu ya ce, sarai, "Lawali mana. Mi ya same ka kake kallona hakanga?"

Ba mu sauka tasha ba, direban ya kai mu har ƙofar babban asibiti. Suka ɗauki hoton kansa, suka ce babu zubar jini a ciki, amma abin da ya faru a hanya gargaɗi ne: wata jijiya ta toshe ta buɗe. Ma'aikatan jinya suka sa masa suna Baba Nijar. A wurinmu ma'aikacin asibiti yakan yi maka magana a gajarce, rabi da Faransanci, ka tafi ka tambayi wani fassara. A can suna haɗawa da Turanci, amma suna da yawan wasa, kowa Baba ne, kowa Mama. Wasan bai hana su kawo ƙwayoyin nan biyu a ɗan faranti ba. Kawu ya gane su tun daga nesa. Ya juya fuska bango. Likitan ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya so ya kwantar da shi, duk a banza. Daga ƙarshe ya ce mu dawo da safe mu ga wata likitar jini, ko ita za ta iya da shi.

Alhaji Bello ya zo ya ɗauke mu kafin magariba. Gajere ne mai yawan dariya, yana sayar da kayan gyaran mota. Ya sauke mu a ɗakin zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe mai yawan manja. Kawu ya ci kaɗan, ya tambaya ko garin nan an daina noma gero ne. Da safe aka kawo shayi cikin kofi mai girman kwanon sha, fari fat da madara, da burodi mai laushi kamar katifa. Mu da muka saba da dogon burodi mai ɓawo da shayi baƙi a ɗan gilashi, sai muka dubi juna.

"Bello, wanga shayi ne ko kunu?"

"Sha dai, baƙauye. Shekara nawa kana shigowa ƙasar nan ba ka waye ba." Ya zaro wata ƴar leda daga aljihu, ya watsa ƙwaya a baki, ya kora. "Ka gani? Ni kullum. Na mutu?"

"Kai ba ka da jinin da za ya zuba. Rowa ta shanye shi."

Suka yi ta dariya har Kawu ya yi tari. Ni ina kallon gefen bakinsa.

Likitar jinin, Dokta Rabi, ba ta kai ni shekaru ba. Ofishinta ƙarami ne, a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ba ta fara da magani ba. Ta gaishe shi har da tambayar damina, sannan ta ce ya ba ta labari. Ya ba ta tun daga buta har zuwa zanen da ya jiƙe. Ya kwance tsumma ya ajiye ƙahon a kan teburinta.

"Ɗiyata, duba shi da kyau. Shi ne?"

Ta ɗauka, ta shafa bakinsa da yatsa. "Ba shi ba ne, Baba. Ba kuma hannun mai shi ba ne. Ko ni na yi maka tsagar nan ranar, haka za ta zuba."

Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"To maganin ne ke nan. Na hwaɗa."

"Maganin ne. Amma zo ka ga abin da yake yi."

Ta juyo da allon kwamfuta wajenmu. Ta ce hoto ne mai motsi da aka ɗauka ta madubin ƙara girma, jini yana gudu cikin wani siririn bututu. Da farko ban ga komai ba sai duhu. Sannan wasu ƴan ɗigo masu haske suka fara wucewa, a hankali, kamar ana kaɗa su. Ta ce waɗannan su ne a Tawa ake ce wa falaket, su kuma suna cewa filatilet. Sun fi jajayen ƙwayoyin jini ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma aikinsu toshe ɓaraka. Muna kallo ɗaya ya tsaya. Ya lafe a jikin bangon, ya baje, ya fitar da ƴan hannuwa ta ko'ina. Wani ya zo ya manne masa, wani ya bi, har wurin ya zama tudu mai haske. Na ji kamar na leƙa rijiya na tarar da gari a ƙasanta, da mutanensa suna ta harkarsu tun kafin a haife ni, ba su san da ni ba.

"Wa ya ce mishi ya tsaya nan?" in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce tambayar ke nan da ita da abokan aikinta a ƙasashe da yawa suke bi. Kowane ɗigo yana da wasu abubuwa a fatarsa, ta ce mu kira su kunnuwa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Idan jijiya ta yage, abin da ke ƙarƙashin bangonta yakan fito fili. Wani kunne ya taɓa shi, sai saƙo ya shiga cikin ɗigon, daga wannan zuwa wancan, har ya farka ya canja siffa. Da ya farka sai ya saki kira cikin jini, ƴan uwansa su ji da wani kunnen daban, su taru. Haka tsagar wanzami take bushewa. Amma jijiyar da ta tsufa, wadda kitse ya kwanta a bangonta, takan tsage daga ciki. Su ba su san bambanci ba. Sai su taru a can ma, su cika hanya, jini ya kasa kaiwa ƙwaƙwalwa.

Kawu ya gyaɗa kai. "Kamar mota guda ta tsaya gyaran rami bisa gada. Na baya su tsaya taya ta. Kahin azahar ba mai wucewa."

"Haka. Ƙwayarka ta farko tana hana su yin kiran. Ta biyu tana toshe kunnen da ke jin wani kiran. Kuma duk ɗigon da maganin ya taɓa, ya kurmance ke nan har ƙarshen ransa, mako guda da ƴan kwanaki, sai jiki ya ƙero sababbi. Shi ya sa ba su taru cikin kanka ba lokacin da kake sha. Shi ya sa kuma ba su zo da wuri ba da abokinka ya kira su."

"To ku yi wanda ka hana su taruwa ciki, ya bar su su zo waje mana."

Ta yi murmushi, irin na wanda aka taɓo masa abin da yake kwana da shi. Ta ce abin da ake nema ke nan. An lura akwai wani kunne da ya fi aiki wurin taruwar nan ta cikin jijiya mai ciwo, amma ba a cika dogara da shi ba wurin rufe ƙaramin rauni. Akwai ma mutanen da aka haifa ba su da shi, kuma jininsu ba ya zuba sosai. Idan aka sami maganin da zai toshe wannan kunnen kaɗai, ko ya tare saƙonsa a hanya bayan ya shiga ciki, wataƙila a kare kai ba tare da an bar fata a buɗe ba. Ana gwada irinsu a kan mutane yanzu. Wasu gwaje-gwajen sun ba da ƙarfin gwiwa, wasu ba su ba da abin da aka so ba.

"Yaushe za ya iso kanti?"

"Ban sani ba, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Yana iya ɗaukar shekaru, yana iya ƙin zuwa yadda muke so."

"In ya zo, in koma ma ƙaho?"

"Ranar sai mu zauna ni da kai mu duba. Amma yau, in ka bar nan ba ka shan komai, abin da ya taɓa ka a hanya jiya zai dawo, kuma ina tsoron ba zai sake ka ba. Biyun za ka sha na ɗan lokaci, sannan mu mayar da kai guda. Ba tsaga, ba ƙaho, aski ma a bi a hankali."

Kawu ya naɗe ƙahon cikin tsummansa. Ya karɓi maganin ya sa a aljihu, ya yi godiya. Bai sha ba. A waje na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Akwai wanda za ni gani tukuna."

Mun je Hubbare, don ya ce ba zai koma gida da ƙarya ba. Ya yi addu'arsa a tsaye, gajeriya, muka kama hanya. Ban runtsa ba wannan karon. Duk bayan ɗan lokaci sai in ja shi da zance don in ji harshensa, har ya gane.

"Lawali sunanka. Uwarka Hajo. Ka bar ni in huta."

Iyaka ta wuce kamar a mafarki, Ƙonni ma haka, ban ko leƙa gida ba. La'asar ta yi sanyi muka sauka Malbaza. Bai nufi gida ba, ya nufi gindin itacen bedin da Illo yake zama a bakin kasuwa. Illo yana nan, dogo, ya rame, zabirarsa a rufe a gefe, tabarmar gabansa babu kowa. Da ya hango mu ya miƙe, ya kasa haɗa ido da Kawu. Masu shago da masu babur suka fara matsowa.

Kawu ya zauna a tabarmar, ya miƙa masa ƙahon da hannu biyu. Ya ɗaga murya yadda na bakin titi za su ji.

"An duba shi Sakkwato. Babbar likitar jini ta riƙa shi da hannunta. Ta ce ba shi da laihi, kai ma ba ka da. Ni na sha maganin da ka toshe ma jini kunne, ban hwaɗa maka ba. Ka yi kira, ba su jiya ba."

Illo ya karɓa. Ya juya shi a hannu. "Jini na da kunne, Shaibu?"

"Da yawa. Na gane su da idona." Bai ga kunne ko ɗaya ba, ɗigo ya gani, amma ban gyara masa ba. "Likitoci suna nan suna haɗa wani sabon magani, wanda za ya bar mutum ya yi ƙahonai lahiya lau. Bai ƙare ba tukuna. Sai an jira."

"Har yaushe?"

"Ita ma ba ta sani ba. Ba ni ruwa."

Illo ya ɗauko butarsa ya zuba a moɗa. Kawu ya ɓare ƙwayoyin da hannun dama, na hagun yana taya shi da ƙyar, ya dube su a tafinsa, ya watsa a baki ya kora. Wani mai babur ya tura ƙanensa gaba, ya ce a rage masa suma.

"Ka aje mini layi," in ji Kawu. "Ran da maganin ya iso, ni na hwarko."

Illo yana buɗe zabira, bai ɗago ba. "In na riga shi tahiya hwa?"

"A'a. Ni na haɗiye nawa. Kai ma sai ka san yadda za ka yi ka jira."